Bakin Lawali

A Fallomi, babban birnin ƙasar Cadi, aka fara cutata, a can kuma na fara jin haushin bakin Lawali.

Mu biyu aka tura. Ni Mamman, mutumin Tsafe, shi Lawali, mutumin Bungudu. Tare muka gama makarantar midil, tare aka ɗauke mu koyon aiki a gidan gurzar auduga na Gusau, muna kwance injuna muna ɗaurawa. Da aka ce ana neman samari biyu su je Sudan su koyo aikin injunan ban ruwa, sai aka zaɓe mu. Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, Turawa ba su riga sun tafi ba. Aka ce mu bi ta ƙasa, hanyar da mahajjata ke bi.

Ni ina da in'ina tun ina yaro. Kalma takan zo har bakin haƙorana ta toge, in yi ta kokawa da ita har wanda nake yi wa magana ya kau da kai. Lawali kuwa ko da kurma ka haɗa shi sai sun yi hira.

Muna tashar Fallomi muna cigiyar motar gabas, wani dattijo mai farar riga ya ji Hausarmu ya matso. Ya ce shi ma mutumin wajenmu ne, kakarsa 'yar Mafara ce. Ya nuna mana masauki, ya ce akwatin kayan aikina in bar shi a shagonsa, don dakarun Faransa na ƙwace duk wani ƙarfe da suka gani hannun baƙo. Akwatin nan shi ne dukiyata: sifanu, filaya, zarto, guduma, kowanne na san tabonsa. Na ba shi. Da safe ya miƙo mini abina da fara'a, nauyinsa bai ragu ba. Sai a tasha na buɗe, na tarar da duwatsu da guntayen ƙarafa.

Na koma shagon a guje. Na tsaya gabansa ina so in ce ɓarawo. Harafin farko ya maƙale. Na yi ta ɓa, ɓa, ɓa, maƙwabtansa suka taru suna dariya.

Dattijon ya ce, “Bawan Allah, in ka tuna abin da kake son faɗi, ka dawo.”

Lawali ya iso bayana. Bai ɗaga murya ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi kamar ubansa, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, yadda kowa zai ji, “Baba, ga alama musanye anka yi, don irin akwatin ga da yawa. Abin da ya dame mu, kayan na hukuma ne, kowane ƙarfe da lamba jikinai. Muna gudun a gan su wajen wani bawan Allah da bai san komi ba, ya shiga uku.”

Dattijon ya ce bari ya duba. Ya shiga ciki, ya fito da kayana cikin tsumma, yana zagin wani da ba mu gani ba. Filayata mai kyau ba ta ciki, amma sauran sun dawo.

A hanya Lawali ya ce mini, “In ka rutsa mutum, bar mishi ƙofa guda.” Gaskiya ya faɗa. Amma ni abin da ke kunnena dariyar mutanen nan ce, da yadda suka bi Lawali da kallo suna cewa yaron nan akwai hankali. Na ɗora akwatina a ka, ban ce masa na gode ba sai da muka kai tasha.

Motar da muka samu tsohuwa ce, maƙare da buhuna, mahajjata a saman buhunan. Bazara ce. Rana takan kwaɗe mu har ƙarfen mota ya gagari taɓawa. Bayan mun wuce Ati, kafin Abashe, a wani fili da ba ka ganin ko inuwar kirki, fambel, ɗamarar robar da ke juya fankar inji, ya tsinke. Direban, wani Balaraben Shuwa mai zafin rai, ba shi da wani. Ya ɗaura igiya, ta tsinke. Ya ɗaura rawaninsa, ya zame. Ya zauna gindin taya ya ce sai wata mota ta zo. Muka wuni, muka kwana, muka sake wuni, babu mota. Ruwan salkuna ya yi ƙasa. Akwai tsofaffi cikinmu, akwai masu goyo.

Ni tun ranar farko idona na kan wata ɗanyar fatar sa da aka lulluɓe kaya da ita. In aka yanke ta siri-siri, aka jiƙa, aka kitsa ta kamar kiri, aka ɗaura tana jiƙe, da ta fara bushewa za ta tsuke ta kama ƙarfen da kanta. Na je wajen direba in gaya masa. Larabcina na allo ne, ga in'ina. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ture hannuna daga jikin injinsa.

Na dawo na gaya wa Lawali. Shi Larabcinsa bai kai nawa ba ma. Amma ya ɗauki gwangwani biyu da zaren wandonsa, ya tsuguna gaban direban, ya zagaya zaren jikinsu, ya juya ɗaya, ɗayan ya juya. Ya nuna fata, ya nuna ruwa, ya nuna rana, ya tsuke kumatunsa kamar tsohuwa. Direban ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaro wuƙarsa ya miƙa masa. Lawali ya miƙo mini.

Na yanka, na kitsa, na ɗaura. Fatar ta tsaga mini tafin hannu. Da aka tayar da inji fanka ta juya, mata suka yi guɗa. Muka lallaɓa, in ta saki mu tsaya in sake tamke ta, har muka ga gidajen Abashe.

Tun daga nan aka koma kiran Lawali injiniya. Kowa na sa masa albarka. Shi kuma yakan nuna ni ya ce, “Aikin Mamman ne, ni baki kawai na sa.” Sai su ce, ka ji, ga basira ga tawali'u. Da ya yi shiru ya karɓe yabon, da ya fi mini sauƙi, don da na sami abin da zan riƙe shi da shi.

Mutum ɗaya ce ta lura. Wata tsohuwa daga wajen Katsina, mai tafiya hajji da ɗan ƙunshinta. Ta jawo hannuwana ta buɗe, ta duba, ta kwance wani ɗan tulu ta lakato man shanu ta shafa mini. Ta sa mini dabino cikin aljihu. A Janaina, garin farko cikin Sudan, muka rabu, ban san sunanta ba.

Daga Janaina zuwa Lubayya yashi ne da ƙishirwa da turin mota. A Lubayya muka hau jirgin ƙasa, ya kai mu Madani, bakin kogin Nilu. Makarantar da aka tura mu na bayan gari, tsakiyar gonakin auduga.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Shimfiɗe take kamar tabarma, ko tudu babu. Ni da na tashi ina buɗe ido in ga duwatsun Tsafe a kaina, sai na ji kamar an kware rufin ɗaki an bar ni. Abinci kullum wake dafaffe da wata sirirriyar waina mai tsami da suke kira kisira. Nakan zauna ina ci ina tuna hoce da furar kasuwarmu. Ɗaliban na kiranmu Fallata, sunan da suke kiran duk wanda ya fito daga yamma. Ba a yi wata biyu ba Lawali ya iya Larabcinsu har da na zolaya, ana gayyatarsa gidaje cin abinci. Yakan ce in zo mu je. Nakan ce ina da karatu.

A ɗakin aiki babu wanda ya kamo ni. Inji in ya yi tari, kafin a buɗe shi na san inda ke masa ciwo. Amma malaminmu, Ustaz Bashir, wani dogon mutum mai furfura a gemu, yana da wata ƙa'ida. Kowace Alhamis ɗalibi zai tsaya gaban aji ya bayyana aikin da ya yi cikin mako, a yi masa tambayoyi. Yakan ce, “Inji ba ya zuwa gona da ƙafarsa. Sai ka shawo kan mai ba da izini, ka fahimtar da mai kunna shi, ka saurari mai gonar. In ba ka iya waɗannan ba, basirarka a cikinka za ta tsufa.”

Alhamis ta zame mini ranar azaba. Akwai wani tsohon inji a kusurwar ɗakin aiki da sai ya yi ta tu-tu-tu kafin ya tashi. Sunansa suka laƙaba mini. Ina tsayawa sai in ji ana tu-tu-tu daga baya. Ran nan Lawali ya juya ya ba mai yin amsar da ta sa aji ya koma yi masa dariya shi. Aka daina. Na ji daɗin dainawar, amma na kwana biyu ina jin zafin cewa ko mutuncina sai da bakin wani aka tsare shi.

A shekarar ƙarshe aka raba mu biyu-biyu, aka ba kowa wata matsala ta gaske ya je ya warware. Aka kuma sanar cewa mutum ɗaya cikin ajin za a wuce da shi Hartum, babban birnin ƙasar, ya yi babban karatu. Ni da Lawali aka tura mu wani ƙauye a bakin kogi. Mutanen ƙauyen Hausawa ne, kakanninsu sun taso za su Makka, guzuri ya ƙare, suka zauna. Injin da ke ɗebo musu ruwa zuwa gonaki kullum toshewa yake, audugarsu na bushewa.

Ina zuwa na gane. Bakin bututun kwance yake a ƙasan kogi, laka yake zuƙa. Na ce a ɗaga shi ya yi iyo. Na sami duro huɗu na mai, na ɗaure su, na shimfiɗa katako a kai, na rataya bakin bututun a ƙarƙashi, inda ruwa ke da tsabta. Inji ya tashi ya yi ta aiki ba tari. Ban taɓa jin girman kaina kamar ranar ba.

Bayan 'yan kwanaki muka tashi muka tarar an jawo durorin an kife su a gaɓa. Na tambayi mai gari, ya ce bai sani ba, wataƙila ruwa ne. Na mayar, na ƙara igiya. Aka sake jawowa, wannan karon an yanke igiyar da wuƙa. Na cika na yi fam. Na ce wa Lawali mutanen nan ba sa son ci gaba, mu koma mu faɗa wa Ustaz.

Shi kuwa duk kwanakin nan ban ga ya riƙe sifana ba. Yana wajen masunta yana taya su ɗinkin koma, ko yana shan gahawa da tsofaffi yana ba su labarin Gusau da jirgin ƙasa da kasuwar gyaɗa. Ina cikin ruwa har ƙirji ina jiyo dariyarsu.

Da la'asar ɗin ranar da aka yanke igiya ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, “Kada ne.”

Na dube shi.

Ya ce, “Katakon da ka shimfiɗa. Kada ya samu wurin shan hantsi. Shina hawa ya kwanta, ga shi kuwa daidai mashayar da mata ke ɗibar ruwa. Ya kai wa wata cafka shekaranjiya, tulunta ya samu. Mazansu sunka jaye abin.”

Na ce, “To, m-me ya hana su faɗi?”

“Injin na hukuma ne, suna tsoron a ce sun ɓata kayan hukuma. Kai kuma ka tambaye su? Ka zo, ka gaida inji, ba ka gaida kowa ba.”

Na so in ce masa ai gaisuwa ba ta yi masa wuya shi. Na tashi na tafi bakin ruwa na zauna har haushin ya lafa, sannan kaina ya fara aiki. In faɗi ne ya jawo kada, to a kawar da faɗin. Duro ɗaya, a tsaye, a zuba yashi a gindinsa don kar ya kife, ya zama ba inda dabba za ta ɗora ciki. A riƙe shi da doguwar sanda daga gaɓa, ba igiya ba, ya riƙa hawa da sauka tare da ruwa. Lawali ya tara mutane gindin bishiya ya yi musu bayani, ya kuma tambayi matan inda suke so a sa shi. Suka nuna can ƙasa da mashaya. Mazan da suka yanke igiyar su suka kama mini sandar. Har muka baro ƙauyen injin bai toshe ba.

Ranar gabatarwa ta matso. Manya za su zo daga Hartum. Na yi ta tunani, na ce tun da baki ba zai yi ba, bari in nemo abin da zai yi magana a madadina. Na zo da daro cike da ruwan kogi, laka ta kwanta a ƙasa. Na sa karan gero biyu masu rami, ɗaya a kwance cikin laka, ɗaya a rataye jikin ɗan gwangwani mai iyo. Na zuƙo na farko na tofa cikin kofin gilashi, baƙi ƙirin. Na zuƙo na biyu, garau. Na ɗaga kofunan biyu. Kalmomin da na faɗa ba su da yawa, kuma duk sun fita. Manyan suka taso daga kujerunsu suka kewaye daron, ɗaya har ya naɗe hannun riga ya tura gwangwanin ya ga yadda yake dawowa. Ustaz Bashir ya gyaɗa mini kai. Na ce a raina yau dai tawa ce.

Sai shugabansu ya ce, “An ce na farkon da kuka yi bai yi ba. Me ya faru?”

Kada. Kalma ce ƙarama. Na buɗe baki ta ƙi. Na yi ta ka, ka, ka. Lawali ya jira, ban ce bai jira ba. Da shirun ya yi tsawo ya tashi ya ba da labarin, ya kwaikwayi kadan yana shan hantsi, ya faɗi yadda mutanen suka ji tsoro da yadda aka shawo kansu. Ɗakin ya cika da dariya. Ya rufe da cewa duron, da sandar, da daron nan, duk tunanin Mamman ne.

Lawali aka zaɓa.

Ustaz ya same ni a ɗakin aiki ina wanke kofunan. Ya ce, “Sun san wanda ya ƙera. Amma suna neman wanda zai tsaya tsakanin hukuma da manoma. Da guri biyu ne, da na yi maka faɗa.” Ya ɗauki ɗan gwangwanin ya juya shi a hannu, ya ce zai ajiye don ɗaliban baɗi.

Lawali ya rako ni tashar jirgi. Muka tsaya ba mai cewa komai, abin da ban taɓa gani gare shi ba. Can ya ce, “Mamman, tsoro nike ji. Can za su aje min inji su ce gyara, in waiga ba ka nan.”

Maganar ta yi mini daɗi, na kuwa bar ta ta yi. Na ce Allah zai taimake shi. Ya ba ni wani mayafi irin na matan Sudan da kwalbar turare, ya ce in kai wa innarsa Bungudu, in gaya mata duk yadda yake, don ita ba ta yarda da takarda.

Komowa ta ɗauke ni fiye da wata, ni kaɗai, kowane ciniki da kowace tambaya da bakina. Daga Zariya na hau jirgi. Da ya tsaya Tsafe na ga duwatsunmu ta taga, na ga masu tallar fura, har na gane wasu. Ban sauka ba. Na sunkuyar da kai har jirgin ya tashi. An san mu biyu muka tafi, za a tambayi ɗayan, ni kuma sai in tsaya ina in'ina ina bayyana yadda aka zaɓe shi aka bar ni. Na ce bari in fara sauke saƙonsa.

A Gusau na ari keke na tafi Bungudu. Na sami innarsa a tsakar gida tana sussukar dawa, 'yar ƙaramar mace, idanunta irin nasa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ajiye mayafin da turaren gabanta. Na shirya zan ba ta labarin ɗaukakar ɗanta, duk da ɗacinsa a bakina. Na fara, da ƙyar, cewa ya fi kowa, manya sun zaɓe shi, zai zama babban mutum.

Ta katse ni. “Shina cin abinci? Ya rame?”

Na ce bai rame ba.

“Wa ka mishi wanki?”

Na ce shi ke yi.

“Yaushe za shi dawo?”

Na ce da sauran shekaru. Ta ɗora hannu kan mayafin, ba ta warware shi ba. Kaji suka zo suna tsattsagar dawarta, ba ta kore su ba.

Can ta ce, “Kai fa, ka je gida?”

Na ce tukuna.

“Ta Tsafe jirgi ka biyowa, ko ba haka ba?”

Na ce haka ne.

Ta dube ni sosai. Ta ce, “Ɗana, ban san abin da ka baro can ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma ni yau in da za a ce in zaɓa, uwarka nike son zama. Ita ɗanta ya dawo. Ni ga abin da nis samu.” Ta nuna mayafin da haɓa. “Tashi tun da rana, kak ka sa ta jira.”

Ta ƙulla mini gyaɗa a tsumma ta ce in kai wa innata. Har na kai zaure ban jiyo ta koma sussukar ba.

A Gusau shugaban ɗakin aiki na gidan gurzar auduga ya ce in kwana, da safe a nuna mini injunan da zan riƙe. Na ce ya yi mini haƙuri zuwa jibi. Na mayar da keken, na je tasha, na sami motar da za ta Funtuwa, na hau baya da akwatina. Da direban ya leƙo yana tambayar inda kowa zai sauka, na ce Tsafe.